Baka Da Itacen Da A Ke Yinsa Da Shi

A zamanin da, kafin bindiga ta yawaita a ƙasar Hausa, ba makamin da ya kai baka yawa a hannun mutane. In Sarki ya yi gayyar yaƙi, mahaya a kan fara gani, don su ke da ado da tambura da kirari. Amma in an ƙidaya rundunar sai a tarar dakaru sun fi su yawa nesa, a cikin dakarun nan kuwa 'yan baka su ne gaba. Haka kuma in an koma ƙauye. Da wuya a shiga ɗakin magidanci a rasa baka da kwari rataye. Da su ya ke korar birai da gyado daga gona, da su ya ke samo nama da rani, da su kuma ya ke tsare iyalinsa ran da mahara suka faɗo wa gari.

Dalilin wannan a fili ya ke. Sauran manyan kayan yaƙi duk na saye ne, daga nesa kuma a ke kawo mafi kyawunsu. Dawaki na ƙwarai daga Barno da Azbin su ke zuwa. Sulke ta hamada ya ke ƙetarowa tare da ayari. Ruwan takobi ma yawancinsa baƙo ne. Wani Bature masani mutumin Jamus, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka Kano cikin shekarar 1851, ya ƙiyasta ruwan takubban da a ke shigowa da su kasuwar Kano ko wace shekara sun kai 50,000, yawancinsu ƙirar wani gari na ƙasarsu mai suna Solingen. Duk waɗannan sai Sarki da hakimai da attajirai. Baka kuwa ba ya bukatar ayari. Itacensa na dajin bayan gari ne, kyauron kibiya na fadama, ƙarfen daga tamar da maƙeran ƙasa suka narkar, tsarkiya daga fatar dabba, dafi kuwa daga tsiron kurmi. Talaka ya iya haɗa su duka ba tare da ya yi tafiyar kwana biyu ba. Abin da ya ke bukata kaɗai shi ne ya san itace, gama a nan ne rai ya ke. Wanda bakansa ya karye yana fuskantar mahayi ko ɓauna, ba shi da damar ya koma daji ya sake zaɓe.

Abin da a ke nema ga itacen baka

In an ja baka, aiki biyu itacen ke yi a lokaci ɗaya. Gefen da ke fuskantar abin harbi, watau bayan baka, miƙewa ya ke yi, kamar igiyar guga sa'ad da a ke jawo ruwa. Gefen da ke fuskantar maharbi, watau cikin baka, matsewa ya ke yi, kamar ginshiƙin da aka aza wa nauyi. In baya ya kasa, sai jijiyoyin itacen su tsinke, bakan ya karye farat ɗaya, watakila ma tsagin ya sami mai shi a fuska. In ciki ne ya kasa, bakan ba ya karyewa, sai dai ya zauna a tanƙware, ko an kwance tsarkiya ba ya komawa yadda ya ke. Irin wannan baka ya mutu ke nan, kibiyarsa ba ta zuwa ko ina.

Saboda haka abu uku a ke nema. Na fari, itacen ya kasance mai ƙarfi, wanda ba ya lanƙwasuwa sai an sa hannu sosai. Na biyu, ya yarda da lanƙwasa in an matsa masa, kada ya zaɓi karyewa. Na uku, in an sake shi ya koma da sauri, domin saurin komawarsa shi ke tura kibiya. Itatuwa da yawa suna da ɗaya daga cikin halayen nan, waɗansu suna da biyu, kaɗan ne suka haɗa ukun.

Da wannan ma'auni a ke fid da yawancin manyan itatuwan da aka fi sani. Rimi da kuka da gurjiya da hano duk masu taushi ne. Kuka ma, duk girmanta, cikinta kamar soso ya ke. Kirya kuwa ba ta da na biyu wajen tauri, shi ya sa a ke sassaƙa turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma ba su da gawayin da ya fi nata, amma nauyi gare ta, ba ta kuma son lanƙwasa. Aduwa an fi saninta wajen allo da ƙota. Ko wane itace da aikinsa. Mai neman baka ba ya ɗaga kai ya dubi manyan itatuwa, ƙanana ya ke nema a cikin sarƙaƙiya, waɗanda mai wucewa ba ya kula da su.

Itatuwan da aka fi zaɓa

Dargaza tana cikin waɗanda suka yi suna wajen wannan aiki. Ba babban itace ba ce, sau da yawa ba ta wuce tsayin mutum biyu ko uku. Furenta rawaya ne, 'ya'yanta ƙanana, yara su kan ci, ɓawonta kuwa yana da yauƙi, a kan kuma yi igiya da shi. Abin da ya sa maharba ke sonta shi ne itacenta yana da ƙarfi, yana kuwa lanƙwasuwa ya koma kamar tsumagiya. In an sare ta, ko wutar daji ta cinye ta, sai ta tofo daga gindi da 'ya'ya miƙaƙƙu masu yawa, a cikinsu a ke samun wanda ya isa baka. Da ita har wa yau a ke yin sanda da sandar mashi. Dangin dargaza suna da yawa a Afirka, maharban ƙasashen gabas da na kudu su ma da su su ke yin bakunansu, ko da ya ke ba su taɓa haɗuwa da maharban Hausa ba. Gwaji ne ya kai kowa ga itace ɗaya.

Sai kuma ɗunɗu. Shi mai ƙaya ne, ana gane shi da furensa mai launi biyu, sama ja-ja ƙasa rawaya, yana reto kamar tuntu, 'ya'yansa kuwa a murɗe su ke a dunƙule. Zuciyar itacensa baƙi-baƙi ce, mai tauri ƙwarai, gara ma ba ta cika damunta ba. Bakan ɗunɗu ya kan yi ƙarfi ya daɗe. Wahalarsa ita ce samun miƙaƙƙe, domin ɗunɗu ya cika karkata da yawan rassa. Mutum ya iya duba ɗari kafin ya ga guda da ya gamshe shi. Dangin magarya su ma suna da itace mai jure lanƙwasa, a wuraren da daji ya zama na ƙaya a kan koma gare su, amma su ma ciwonsu ɗaya da na ɗunɗu.

Ta wajen kudu, inda ruwan sama ya fi yawa, akwai gora. Tana fitowa a cunkushe a bakin rafi da gindin duwatsu. Gorar ƙasashen nan ba kamar ta waɗansu ƙasashe ba ce mai babban rami a ciki, tata tsokar kauri gare ta, wata ma kusan a toshe ta ke. Ƙarfin gora a fatarta ta waje ya ke, don haka in an tsaga ta za a yi baka, fatar nan a ke bari a baya, inda a ke bukatar jure miƙewa, a kankare ta ciki. Ba a saran sabuwar tofo, sai wadda ta shekara uku ko fiye, wadda korenta ya fara dushewa. Amfanin gora shi ne a miƙe ta ke tun asali, ga rashin nauyi. Aibinta kuwa ƙwaro yana sonta, ya kan huda ta ya mai da cikinta gari, mai ita bai sani ba sai ran da ya ja.

Watau dai ba itace ɗaya aka tsayar aka ce shi ne na baka ba. Mutumin Gobir da na Zazzau da na dutsen Ningi ko wanne da abin da dajinsa ya ba shi. Ilmin da uba ke koya wa ɗansa shi ne yadda zai gane na kirki a cikin abin da ke kusa da shi.

Sara da busarwa da sassaƙa

Bayan an san irin itacen, sai a zaɓi sandar kanta. A kan nemi wadda ta tashi a cikin duhuwa, domin itacen da ke tsakanin 'yan'uwansa sama ya ke miƙewa neman rana, ba ya ɓata ƙarfinsa wajen fid da rassa. A duba kada ta kasance a murɗe, gama in ɓawo ya naɗe kamar igiya haka jijiyoyin ciki su ke. A duba kada ta yi ido, watau gurbin da reshe ya taɓa fitowa, musamman a gefen da zai zama baya, domin daga nan karaya ke farawa. A duba tabon wuta da hudar ƙwaro. Kaurinta ya ɗan fi na sandar makiyayi, tsawonta kuwa a ƙara a kan abin da a ke bukata, don bakin sara ya kan tsage wajen bushewa, sai a datse shi daga baya. Bakan ƙasar Hausa ya kan kai ƙafa huɗu zuwa biyar, ko wane mutum gwargwadon tsayinsa da ƙarfin damtsensa.

Lokacin sara shi ne bayan ɗaukewar damina, sa'ad da ruwan jikin itace ya ja baya. Mai hankali ba ya saro guda, sai uku ko huɗu, don ya san ba duka za su kai ba. In sanda tana da ɗan karkata, a lokacin nan a ke gyara ta, a gasa wurin sama-sama a kan garwashi, a taka a miƙar, a ɗaure ta jikin wani miƙaƙƙen itace ta bushe a haka. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Iyaye sun ɗauki maganar sun mai da ita kan tarbiyyar yara, amma ga mai yin baka aiki ce ta hannu.

Busarwa ita ce ta fi neman haƙuri. In an jefar da sanda a rana, ko a bar ta a sarari cikin hunturu, bayanta ya kan riga cikinta bushewa, sai ta tsattsage. Saboda haka a inuwa a ke ajiye ta, a kan soke ta cikin jinkar ɗakin da a ke hura wuta, ta yi watanni. Hayaƙi ya busar da ita sannu sannu, ya kuma kori ƙwari. Wanda ya yi gaggawa ya ɗaura wa ɗanyen itace tsarkiya zai ga ya lanƙwasu da sauƙi, har ya yi murna, amma kafin 'yan kwanaki ya zauna a tanƙware. Shi ya sa ba a jiran sai an ji kidan gangar yaƙi kafin a shiga daji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In sanda ta bushe, sai a ɗauko gizago da wuƙa. A bar tsakiya da kauri, wurin riƙo ke nan, a bi ana ragewa kaɗan kaɗan zuwa kawunan biyu. Ba a cika taɓa baya ba, ban da cire ɓawo, domin ko wace jijiya da aka yanke a can rauni ce. Daga ciki da gefe a ke kankara. In an yi nisa sai a ɗaura igiya sako-sako, a ja kaɗan, a duba. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tauri, a kankare mai taurin. In wani wuri ya fi sauran lanƙwasuwa, a ƙyale shi, a rage na kusa da shi, har bakan duka ya riƙa lanƙwasuwa bai ɗaya kamar jinjirin wata. Nan ne a ke gane gwani, gama abin da aka kankare ba ya komawa. Daga nan a shafe shi da man kaɗe ko man shanu, a ɗumama shi ya sha, a maimaita, don kada laima ta shige shi, kada kuma hunturu ya busar da shi fiye da kima. Waɗansu su kan naɗe wurin riƙo da kawuna da fata don ƙarin ƙarfi. Wajen ɗaura tsarkiya, waɗansu huda kan bakan su ke yi, waɗansu kuwa su yi masa 'yar tsaga.

Tsarkiya da kibiya da dafi

Tsarkiya da fata a ke yinta, a yanke ta siririya, a jiƙa, a murza, a miƙe ta ta bushe. Fata kuwa tana shan laima ta saki, saboda haka da damina baka ba ya cika ƙarfinsa na rani. In ba aiki za a yi ba a kan sassauta tsarkiya don itacen ya huta.

Kibiya gajera ce, kamar ƙafa biyu. Jikinta kyauro ne, wata doguwar ciyawa ta bakin ruwa mai ƙarfi marar nauyi, yawanci kuma ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi. Kanta ƙarfe ne mai kunnuwa, in ya shiga ba ya fita ta daɗi. Amma abin tsoro ga kibiya shi ne dafi. Uwar dafi ita ce 'ya'yan kwankwani, wani tsiro mai yaɗo, a kan daka su a dafa har su yi kauri kamar danƙo, a haɗa da waɗansu abubuwa irin su ruwan tinya, ko wane gida da nasa haɗin da ba ya faɗa wa kowa. Dafin kwankwani zuciya ya ke kamawa. Likitocin Turai ma sun gane haka cikin ƙarni na 19, har suka fid da maganin ciwon zuciya daga wani ɗan'uwansa na gabashin Afirka.

Dafin nan shi ya sa ƙaramin itacen daji ya wadatar. Za a fi gane wannan in an dubi mutanen Ingila, waɗanda su ma suka yi suna da baka a zamanin da. Su ba su sa dafi, sai kibiya ta huda sulke da ƙarfinta, don haka bakansu dogo ne, ƙafa shida ko fiye, mai wuyar ja ƙwarai. Itace ɗaya suka fi yarda da shi, wanda su ke kira yu, domin farin da ke ƙarƙashin ɓawonsa yana jure miƙewa, jar zuciyarsa kuwa tana jure matsi. Da na ƙasarsu ya kasa musu, sai suka koma saye daga ƙasashen waje, har cikin shekarar 1472 aka kafa doka, jiragen fatake masu zuwa daga ƙasashen da a ke samunsa su riƙa kawo sandunan baka huɗu a kan ko wane tan na kaya. Wani jirgin yaƙinsu mai suna Mary Rose ya nutse a 1545, da aka tsamo shi a 1982 an sami bakuna fiye da 130 lafiyayyu daga cikinsa, yawancinsu na itacen nan. Maharbin Hausa bai taɓa shiga wannan wahala ba. Shi bukatarsa kibiya ta kai, ta fasa fata, sauran aiki na kwankwani ne.

Baka a fagen fama

Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga, ta doki da ta mahayi, babban amfaninta shi ne tare kibiya mai dafi kada ta kai ga fata. Watau tun shekaru ɗari shida da suka wuce sarakuna na kashe dukiya don neman tsari daga makamin talaka.

Ranar da baka ya fi nuna kansa ita ce ranar Tafkin Kwatto. A cikin watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, jama'a suka bi shi, malamai da almajirai da makiyaya da manoma. Bayan wata huɗu, ran 21 ga Yuni, Sarkin Gobir Yunfa ya zo musu da rundunarsa, da 'yan lifida, da Abzinawa masu taimakonsa. Jama'ar Shehu, a ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi, dawakinsu ba su wuce kamar ashirin ba. Mutane ne da suka baro gidajensu, ba su da taskar makamai, ba su da kasuwar da za su saya. Abin da ke hannun yawancinsu shi ne baka da kwari, waɗanda makiyayi da maharbi suka saba da su tun suna yara. Da aka ja daga a bakin tafkin, mahayan Gobir suka yi ta kawo hari, 'yan baka suka dunƙule wuri ɗaya suka ƙi watsewa, suna ta zuba kibau. Doki babban abin bara ne, in kuwa ya ji dafi ba ya jin linzami. Aka karya rundunar Gobir, Yunfa ya gudu ya bar kayansa.

Ba kullum aka yi nasara haka ba. A Tsuntsuwa, cikin ƙarshen shekarar nan, jama'a sun sha kashi, aka kashe musu mutane wajen 2,000, a ciki har da mahaddata Alkur'ani wajen 200. Amma baka shi ya riƙe su a shekarun fari, har suka tara dawaki daga ganima, Alkalawa ta faɗi a 1808.

Da daula ta kafu sai doki ya koma gaba, kamar yadda ya ke a zamanin sarakunan Haɓe. Baka kuwa ya zama na kowa, har da abokan gaba. A cikin 1826 wani Bature ɗan Birtaniya, Clapperton, wanda a ke kira Abdullahi, ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, inda Gobirawa suka kafa sansani. Ya ga 'yan bakan Gobir a bayan ganuwa suna harbi a natse, ba su zubad da kibiya a banza, sai sun ga wurin da za ta shiga. Aka yini ana fama, rundunar ta juya ba ta ci garin ba. Haka kuma mutanen duwatsu, kamar na Ningi da na tsaunukan Jos, da mutanen Abuja a cikin dazuzzukansu, suka daɗe suna tsare kansu. Inda doki ba ya iya sukuwa, mai baka a bayan dutse shi ke da fage.

Zuwan bindiga mai ruwa

Bindigar da a ke ɗura wa albarushi ta baki ba ta kori baka ba. Tsada gare ta, albarushi sai an sayo, kafin kuwa a ɗura ta sau ɗaya ɗan baka ya saki kibau da yawa. Abin da ya kawo ƙarshen zamanin baka shi ne bindigogin Turawa masu harbi daga nesa, da igwa, da bindiga mai ruwa. Kibiya ba ta da amfani sai an matso kusa, su kuwa waɗannan tun mutum bai kai inda kibiyarsa za ta isa ba sun kayar da shi.

Duk da haka 'yan baka ba su ajiye ba sai da suka gwada. A cikin 1899 Sarauniyar Lugu da mutanenta suka tare sojan Faransa na Voulet da kibau daga cikin sarƙaƙiya, suka yi musu ɓarna kafin a ƙone garin. A 1903 aka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, aka tarar da su a Burmi ran 27 ga Yuli. A nan ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. A ranar ce kuma kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh, shugaban sojan da suka kawo yaƙin.

Bayan wannan baka ya koma hannun maharba. Sarautar Sarkin Baka ta wanzu a garuruwa da yawa, shi ne shugaban maharba. Da zaman lafiya ya gurɓace a waɗansu sassa sai aka sake ganin baka a hannun masu tsaron gari. A cikin 2014 ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri da bindigogin gida da bakuna da kwari, suna neman izinin shiga daji neman 'yan matan Cibok da aka sace.

Amma dajin da ke ba da itacen ya ja baya ƙwarai. Gonaki sun cinye saura, masu itacen wuta da masu gawayi sun bi abin da ya rage, ba su kuwa bambanta dargaza da sabara. Tsofaffin makamai a kan gan su a gidajen ajiye kayan tarihi, kamar na Jos da aka buɗe a 1952, da Gidan Makama a Kano, sai dai sanda a cikin akwatin gilashi ba ta faɗin dajin da aka saro ta, ko watan da aka sare ta, ko dalilin da ya sa aka zaɓe ta aka bar ta kusa da ita. Wannan ilmi a kan tsofaffin maharba ya ke, ba a rubuce ba, kullum kuwa raguwa su ke yi.

To, wanda Allah ya ba shi karatu da rubutu, in akwai irin tsohon nan a garinsu, ya kyautu ya ɗauki takarda ya je ya gaishe shi, ya roƙe shi su shiga daji tare. Ya rubuta sunan ko wane itace kamar yadda a ke kiransa a wurin, da inda ya ke fitowa, da aikin da a ke yi da shi, da lokacin saransa. In kuma yana sharar gona ya tarad da gindin dargaza ko ɗunɗu a kan iyaka, ya ɗaga gatari ya bar shi, ko yaran gidan sa sami abin da za a nuna musu.